Madogaran Binciken Tarihin Daura

Madogaran binciken tarihin Daura sun haɗa da labarin baka, rubuce-rubucen fada, takardun zamanin Turawa da kuma nazarin masana.

Labarin baka shi ne mafi daɗewa. Daga bakin maroƙa, makaɗan fada da dattawa ake jin labarin Bayajidda, sarauniya Daurama da macijiyar rijiyar Kusugu, rijiyar da har yau baƙi ke zuwa su ɗebi ruwanta. A rubuce kuwa akwai Girgam, kundin jerin sarakunan Daura. Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara irin waɗannan rubuce-rubuce a littafinsa Sudanese Memoirs na 1928.

Nazari mafi zurfi shi ne The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda ya fito a 1978. Ya bi diddigin yadda jihadi ya raba sarautar tsakanin Daura, Zango da Ɓaure, har Turawa suka maido da gidan Haɓe a 1906. Farfesa Abdullahi Smith kuma, a wata maƙala ta 1970, ya ja hankalin masana kada su ɗauki labarin Bayajidda a matsayin cikakken bayanin kafuwar ƙasashen Hausa.

Rahotannin razdan da na di'o suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ga kuma Gidan Arewa a garin. A intanet, JSTOR na ɗauke da tsofaffin mujallun tarihi, Internet Archive kuma da littattafan da suka ɓace a kasuwa.