Ƙungiyar gama kai da kamfanin da ma'aikata suka mallaka: yadda suke aiki da hukuncinsu

Tambaya:

Mece ce ƙungiyar gama kai? Gaskiya ne akwai masana'antun da ma'aikata ne masu su, su ne kuma ke zaɓen shugabanninsu? Ya halatta Musulmi ya shiga irin wannan tsari?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: ma'anarta

Ƙungiyar gama kai ita ce mutane masu buƙata iri ɗaya su haɗa jari ko aiki, su kafa sana'a wadda su ne masu ita, su ne kuma masu amfana da ita. Akwai ta manoma, akwai ta masu saye, akwai ta ajiya da rance, akwai kuma ta ma'aikata, wadda masu aiki a wurin su ne suka mallake shi.

Bambancinta da kamfanin hannun jari yana wajen ƙuri'a. A kamfani, gwargwadon jarin mutum gwargwadon ƙarfin maganarsa. A ƙungiyar gama kai kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko jarinsa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan ne abin da masana ke kira dimokuraɗiyyar tattalin arziki: wanda ke zaɓen mai mulkin ƙasarsa, ya kamata ya samu ta cewa a wurin da yake neman abincinsa.

Na biyu: asalinta

Taimakon juna tsohon abu ne, gayya da adashe shaida ne a kan haka. Amma tsarin zamani mai rajista da rubutattun ƙa'idoji ana danganta shi ga garin Rochdale na Ingila. A shekarar 1844 mutum 28, da yawansu masaƙa, suka tara fam ɗaiɗai suka buɗe kanti suna sayar da fulawa da sukari da man shanu. Abin da ya kai su shi ne tsada da algus da tauye mudu. Suka yarda cewa kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma za a raba rarar kuɗi gwargwadon sayayyar da mutum ya yi a kantin. A 1895 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama kai ta duniya. A Nijeriya an yi dokar farko ta waɗannan ƙungiyoyi a 1935.

Na uku: misalin Mondragon

Mafi shaharar misalin ma'aikata masu mallakar masana'anta shi ne na garin Mondragon, a yankin Basque na ƙasar Sifen. Wani limamin cocin Katolika mai suna José María Arizmendiarrieta ya iso garin a 1941, bayan yaƙin basasa ya bar mutane cikin talauci. Ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943. A 1956 biyar daga cikin ɗalibansa suka kafa masana'antar yin risho mai suna Ulgor, wadda daga baya ta zama Fagor. A 1959 suka kafa bankinsu, Caja Laboral, don ajiyar mutanen yankin ta zama jarin sababbin masana'antu. Yau ƙungiyoyin Mondragon kusan 80 ne, da ma'aikata kimanin 70,000.

Tsarinsu shi ne: mai son zama mamba sai ya zuba wani kaso na jari. Babban taron mambobi ke zaɓen majalisar gudanarwa, ita kuma ta naɗa manaja, tana iya tuɓe shi. Albashin babba yana da iyaka: da farko bai wuce ninki uku na albashin ƙarami ba, daga baya aka ɗaga shi zuwa kusan ninki shida. Ribar shekara kuwa, wani kaso a ajiye don gobe, wani a ba al'umma, sauran a zuba a asusun kowane mamba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa tsarin ba ya faɗuwa. A 2013 kamfanin Fagor mai yin firiji da injin wanki ya karye saboda bashi da faɗuwar kasuwa. Mambobi suka yi asarar jarinsu, ko da yake an sama wa mafi yawansu aiki a sauran ƙungiyoyin ko aka sallame su da fansho. Ma'aikatan rassan kamfanin a Faransa da Poland kuwa 'yan ƙwadago ne kawai, ba su da ƙuri'a, ba su samu wannan gata ba. Darasi biyu ke nan: mai mallaka shi ke ɗaukar asara, kuma ƙungiyar ma'aikata ma tana iya zama uban gida a kan wasu ma'aikatan.

Na huɗu: hukuncinta

Asalin mu'amala halacci ne sai abin da dalili ya hana. Wannan tsari yana shiga babin da malaman fiƙihu ke kira sharika ko musharaka, wato tarayya a jari ko a aiki. Allah Ya yi umarni da taimakon juna a kan alheri a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, Ya kuma yabi muminai da yin shawara a tsakaninsu a aya ta 38 ta Suratush Shura. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tattara abin da ke hannunsu su raba daidai.

Tarayyar masu sana'a da aikin hannunsu, kamar teloli ko maƙera, ana kiran ta sharikatul abdan. Malikiyya sun halatta ta idan aikin iri ɗaya ne ko wani ya dogara da wani. Hanafiyya da Hanbaliyya ma sun halatta, Shafi'iyya suka hana. Sharaɗin ƙuri'a ɗaya ga kowa ba laifi, domin yarjejeniya ce da masu dukiya suka yarda da ita. Sai dai rinjayen ƙuri'a ba ya mayar da haram halal.

Na biyar: sharuɗɗan da za a kiyaye

1. Sana'ar kanta ta zama halal.

2. Riba ta zama kaso, kamar rabi ko sulusi, ba adadi yankakke ba. A nan tsarin Turai ya saɓa wa shari'a, domin Rochdale da Mondragon duk suna biyan kuɗin ruwa a kan jarin mamba. Musulmi su cire wannan, su bar jari ya ci rabonsa idan an samu, ya rasa idan ba a samu ba.

3. Asara tana bin jari, malamai ba su yi saɓani a kan haka ba. Wanda ya zuba kashi goma cikin ɗari, kashi goma na asara ke kansa. Ba ya halatta a lamunce wa wani mamba uwar kuɗinsa, sai dai wanda ya yi sakaci ko ha'inci ya biya abin da ya ɓata. Game da riba, Malikiyya da Shafi'iyya sun ce ita ma tana bin jari, Hanafiyya da Hanbaliyya suka yarda a ƙara wa wanda ya fi aiki idan an yi sharaɗi tun farko.

4. Mamban da ke karɓar albashi a rubuta masa yarjejeniyar ƙwadago dabam da ta tarayya, don kada albashi ya cakuɗe da riba.

5. Rance ba ya jawo ƙari. A nan ne ƙungiyoyin ajiya da rance na ma'aikata suka fi faɗawa cikin haram: a ba mamba naira 100,000 ya mayar da 110,000. Wannan kuɗin ruwa ne, ko da a ƙarshen shekara za a raba ƙarin ga mambobi har da shi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta karɓar ainihin kuɗin hidimar rance kawai, abin da ya ɗara haka haram ne. Mafita ita ce ƙungiya ta sayi babur ko keken ɗinki, ya shiga hannunta, sannan ta sayar wa mamba bashi a kan farashi sananne wanda ba ya ƙaruwa idan ya yi jinkiri.

6. A rubuta komai, a kafa shaidu, kowane mamba ya iya duba littafin kuɗi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, aya ta 24 ta Suratu Sad kuma ta faɗi cewa da yawan abokan tarayya suna zaluntar juna, in ban da masu imani da aikin ƙwarai.

7. Zakka tana kan kowane mamba a rabonsa, idan ya kai nisabi shi kaɗai ko haɗe da sauran dukiyarsa, kuma shekara ta zagayo. Injinan aiki da ginin masana'anta babu zakka a kansu.

A taƙaice

Ya halatta Musulmi, namiji ko mace, ya shiga ko ya kafa irin wannan ƙungiya idan an kiyaye sharuɗɗan nan. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa ya nemi kundin dokokinta ya duba abu uku: yadda ake ba da rance, wanda ke ɗaukar asara, da lokacin da aka yi babban taro na ƙarshe. Ƙungiyar da shugaba da ma'aji kaɗai suka san lissafinta suna ne kawai gare ta, kuma mamban da ba ya zuwa taro ya miƙa amanar dukiyarsa ga wanda ba ya iya tuhuma.

Allah ne Mafi sani.