Jitar Kwali Da Takardar Awo: Yadda Ƙirar Mutum Ɗaya Ta Zagaye Duniya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Yau hirar tamu a kan jita ce, kuma ga abin da ya jawo ta. Akwai wani ƙanen abokina, kafinta ne, hannunsa na da kyau sosai. Bara ya sauko da zanen ƙera jita daga intanet, ya kai shagon buga takardu. Mai shagon ya ɗan matse zanen don ya shiga takardar da yake da ita, bai faɗa masa ba. Yaron nan ya yi wata uku yana aiki. Wurin da 'yan ƙarafan nan na wuyan jita za su zauna, ya kwafa daga takardar da ta ƙanƙance. Wurin da jaki zai zauna kuma, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, ya bi lambar da aka rubuta a gefe. Da ya gama, wallahi in ka gan ta sai ka rantse daga waje aka kawo ta. Amma da aka kaɗa, duk yadda aka saita ta, da zarar yatsa ya gangara wuya sai sauti ya kauce. 'Yan milimitoci ne suka cinye masa aikin wata uku.

Abin ya tsaya mini a rai, na shiga bincike: wai wa ya fara tsara waɗannan lambobi, kuma ta yaya suka iso wayar wani kafinta a unguwarmu?

Bari mu fara da abin da ke cikin zanen. Zanen jita takarda ce babba, daidai girman jitar kanta. Tana nuna siffar gangar jiki, kaurin kowane katako, da tsawon tsirkiya. A jitar gargajiyar Sifaniya, wadda ake ce wa kilasik, tsawon tsirkiyar da aka fi amfani da shi milimita 650 ne. Ƙarafan wuya kuwa lissafi ne zalla: ka raba tsawon da 17.817, sai ka samu wurin ƙarfen farko, kusan milimita 36 da rabi. Abin da ya rage ka sake raba shi da wannan lamba, ka samu na biyu, haka har ƙarshe. In lissafinka ya yi daidai, ƙarfe na 12 zai faɗo a tsakiya cif, milimita 325. Kun ga inda ƙanen namu ya yi tuntuɓe ke nan.

Sai dai abin da ya fi komai muhimmanci a zanen, ido ba ya ganinsa in an gama jita. Fuskar jita katako ne siriri, kaurinsa milimita 2 zuwa 3 kacal. Tsirkiyoyi shida na jan sa da nauyin da ya kai kimanin kilo 40 in na nailan ne, in na ƙarfe ne kuma ya kan haura kilo 70. Katakon in ya yi kauri ba zai yi amo ba, in ya yi siriri kuma zai lanƙwashe. Shi ya sa ake manna masa 'yan sanduna ta ciki, kamar haƙarƙari. Yadda aka jera waɗannan sanduna shi ne zuciyar kowane zane, kuma tarihin jita kusan duk a kansu yake.

To, mu tafi kudancin Sifaniya. A shekarar 1817 aka haifi Antonio de Torres a wani ƙauye kusa da garin Almería. Kafinta ne shi ma. Daga baya ya koma birnin Seville, a shekarun 1850 ya duƙufa kan ƙera jita. Jitocin zamaninsa ƙanana ne, muryarsu ba ta cika ɗaki. Torres ya faɗaɗa gangar jiki, ya rage kaurin fuska, ya ɗan yi mata doro, sannan ya jera sanduna bakwai a ciki suna bazuwa kamar mafici. A yi adalci, ba shi ya fara jera sanduna haka ba, maƙeran birnin Cádiz sun riga shi. Abin da ya yi shi ne ya haɗa dabarun da ke warwatse, ya daidaita su har suka zauna da juna.

A 1862 ya yi wani abu da har yau ake labarinsa. Ya ƙera jita wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, fuskar kaɗai ce ta katako mai kyau. Abin da masana suka fahimta shi ne yana so ya nuna cewa amon jita daga fuska yake fitowa, tsadar katakon baya ado ne ya fi yawa a ciki. Jitar nan tana nan har yanzu a gidan adana kayan kiɗa na Barcelona.

Makaɗin nan Francisco Tárrega, wanda ake ɗauka a matsayin uban kiɗan jitar kilasik na zamani, da jitar Torres ta 1864 ya yi suna. Amma shi maƙerin bai yi arziki ba. Wajajen 1870 ya ajiye sana'ar, ya koma Almería ya buɗe shagon sayar da tangaran. A 1875 ya dawo ƙira, ya ci gaba har rasuwarsa a 1892.

Torres bai bar wa duniya littafi ko takardar awo da za a bi ba. Wani limamin coci da ya zauna da shi a ƙarshen rayuwarsa ya ba da labarin cewa an taɓa roƙonsa ya bayyana sirrinsa kafin ya mutu. Sai ya nuna cewa ba abin da zai iya bari, domin sirrin yana kan yatsunsa ne, su ke gaya masa ko katako ya kai yadda ake so in ya murza shi. Da a ce a nan zancen ya tsaya, da an binne ilimin tare da mai shi.

Abin da ya ceci ƙirar shi ne awo. Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki jitocinsa suna gwadawa, suna leƙa ciki, suna kwafa. A Madrid, shagon Manuel Ramírez ya bi tsarin Torres. A 1912 wani saurayi ɗan shekara 19 da ba a san shi ba, Andrés Segovia, ya shiga shagon yana neman hayar jita don wani wasa. Da Ramírez ya ji kiɗansa, sai ya ba shi kyauta. A 1924 Segovia ya je wasa birnin Munich na Jamus, ya haɗu da wani maƙeri, Hermann Hauser, ya bar shi ya auna jitar. Hauser ya kuma nazarci wata jitar Torres da ke hannun makaɗi Miguel Llobet. Sama da shekara goma yana ƙerawa yana gyarawa, sai a 1937 ya fitar da wadda ta gamsar da Segovia. Da ita Segovia ya zagaya duniya har zuwa farkon shekarun 1960. Yanzu ita da ta Ramírez ɗin duk suna gidan tarihi na Metropolitan a New York. Wani maƙeri Ba'amurke, Richard Bruné, ya auna ta ya fitar da cikakken zanenta, kuma zanen "Hauser 1937" na cikin waɗanda masu koyo suka fi nema a duniya. Ku duba wannan sarƙa: kafintan Almería, shagon Madrid, Bajamushe a Munich, Ba'amurke da ma'auni. Kowane ɗaya ya karɓa ne ta hanyar auna aikin na gabansa.

Shi kuma tarihin Torres kansa, José Romanillos ne ya tono shi. Ɗan Madrid ne, kafinta, ya koma Ingila a 1956, ya zama maƙerin jita har shahararren makaɗi Julian Bream ya riƙa kaɗa tasa. Ya yi shekaru yana bin jitocin Torres ɗaya bayan ɗaya a hannun masu su, yana aunawa yana rubutawa. A 1987 ya fitar da littafi a kan rayuwar Torres da aikinsa, shekara 95 bayan rasuwar mutumin.

Wannan ɓangaren kilasik ke nan. Jitar da muka fi gani a bidiyo, mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ake ce wa akustik, hanyarta daban ce, ta Amurka ta bi. An haifi Christian Frederick Martin a 1796 a garin Markneukirchen na Jamus, gidan kafintoci. A garin nasu an yi doguwar shari'a: ƙungiyar maƙeran goge irin na Turawa ta ce kafintoci ba su da hurumin ƙera jita. Kafintocin ba su faɗi shari'ar ba, amma Martin ya gaji da takurar, a 1833 ya tattara ya tafi New York, a 1839 ya koma garin Nazareth a jihar Pennsylvania, inda kamfanin yake har gobe.

A shekarun 1840 jitocin Martin suka fara fitowa da manyan sanduna biyu da suka gitta juna a ciki kamar harafin X. Lokacin da hanjin tumaki ake yin tsirkiya, ba a ma buƙatar ƙarfi sosai. Sai a shekarun 1920, da tsirkiyar ƙarfe ta karɓu saboda ta fi ƙara, aka ga ashe wannan gicciyen shi ne ke iya ɗaukar nauyinta. A 1916 kamfanin ya ƙera wa kamfanin Ditson wata jita mai ƙatuwar ganga, aka laƙaba mata sunan wani babban jirgin yaƙin ruwa na Ingila, Dreadnought. A 1931 Martin ya fara fitar da ita da sunansa. Yau in ka shiga kowane shago ka ga jitar akustik, ko daga Chaina ta zo, akasari siffar nan ce da gicciyen nan a cikinta.

Sai mataki na ƙarshe, fitowar ilimin daga shago zuwa hannun kowa. A 1966 Irving Sloane ya wallafa littafin koyon ƙera jitar kilasik da Turanci. A 1972 aka kafa ƙungiyar maƙeran kayan kiɗa masu tsirkiya ta Amurka, wadda ta ɗauki musayar sani a matsayin aƙida, tana buga zane-zane tana sayarwa. A 1987 William Cumpiano da Jonathan Natelson suka fitar da nasu littafin da ya haɗa kilasik da akustik. Da intanet ta zo kuma, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya.

Kada wani ya ɗauka takarda ta maye gurbin hannu. Torres ya faɗi gaskiya. Katako biyu daga bishiya ɗaya ba sa zama iri ɗaya, zane zai ce maka milimita 2.5, amma yatsa da kunne ne za su gaya maka ko wannan katakon na son a ƙara kankare shi. Abin da zane ke yi shi ne ya hana kowane sabon maƙeri farawa daga sifili. Ku tuna Mdou Moctar, makaɗin nan na Nijar da ake ji da shi a duniya yanzu. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Basira akwai ta a yankinmu, ba a magana. Abin da yaro irin wannan ke rasawa shi ne awon da wani ya riga ya sha wahala ya gano.

Wannan ne ya dawo da ni gida. Muna da gurmi, muna da garaya, da molo, da goge, da kuntigi irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi. Kowannensu na da awonsa: girman ƙwarya ko ƙoƙo, irin fatar da ake rufawa, tsawon sanda, inda jaki ke zama. Ni dai a yawona ban taɓa cin karo da maƙerin da ke aiki da takarda ba, duk a ka da hannu abin yake. Na taɓa tambayar wani dattijo mai haɗa gurmi ko akwai mai koyo a wurinsa. Ya ce, "Ɗana, yaran yanzu waya suke so." Dattijon nan Torres ne a fagensa, kuma babu wanda ya zo da ma'auni.

Na san akwai masu sauraronmu da ba ruwansu da kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma ina girmama hakan. To ku cire jita ku sa abin da kuka ga dama: sirdin doki, masaƙa, ƙotar garma, ginin bakan gizo irin na sorayenmu na da. Duk matsalar ɗaya ce. In mai sana'a ya rasu ba a auna aikinsa ba, jikokinmu sai dai su ga hoto.

Saboda haka ga aikin gida, musamman ga ɗaliban injiniya da zane-zane da ke neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu. Ku nemi mai sana'a ɗaya a garinku. Ku je da ladabi, ku nemi izininsa, ku biya shi lokacinsa. Ku tafi da tef ɗin awo da waya. Ku auna komai da milimita, ku ɗauki hoton kowane mataki, ku tambaye shi dalilin kowane abu, ku naɗi amsar da muryarsa. In kun zana, sunansa za ku sa a saman takardar, kamar yadda har yau ake cewa zanen Torres, zanen Hauser. Kuma don Allah ku ja layi mai tsawon milimita 100 a gefen zanen, ku rubuta tsawonsa, yadda duk wanda ya buga zai ɗora ma'auni ya tabbatar ba a matse masa ba.

Shi ƙanen namu ya ɓamɓare katakon wuyan, ya sake lissafi da hannunsa, yanzu yana kan ta biyu. In ya gama za mu sa muku sautinta a shiri.

Wanda ya san wani maƙerin gurmi, garaya ko goge da ke raye a yankinsu, ya rubuta mana sunan garin kawai a ƙasa, sauran bayani mu yi ta saƙo. Ku tura wa abokai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.