Waakye: Waken da Ya Sauka Ankara

Baƙon da ya kwana a Ankara, babban birnin Gana, da safe zai ga layi gaban masu tuyar kifi da masu waakye, musamman a unguwar Nima. Sunan waakye Hausa ne tsantsa, an gutsuro shi daga "shinkafa da wake". A rubutun Twi, ky daidai yake da c ɗinmu, shi ya sa ake furta shi "wace". Mutanen zango ne suka yaɗa abincin zuwa kudancin ƙasar.

Jan launinsa daga busasshen ganyen karan dafi yake, da ɗan kanwa. A zuba masa miyar shito mai yaji, garin rogo, dafaffen ƙwai, ganda da taliya, wadda can ma "talia" suke ce mata. Wanda aka ƙunsa a ganye ya fi ƙamshi nesa ba kusa ba.