Jaridar Madawa da Na'urar da Ba Ta Iya Karanta Ta Ba

Lokacin da Nijar ta buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1960, malamai sun gamu da wata matsala: manomi ya koyi baƙi da wasali da rani, kafin wata shekara ya manta, don ba shi da abin karantawa a harshensa. Maganin da aka samo shi ne ƙananan jaridun karkara. Garin Madawa ya samu tasa, Saabon Ra'ayii, ƴar jarida mai shafuka kaɗan da ake bugawa da Hausa.

Aikin ba na babbar maɗaba'a ba ne. A kan tafireta ake buga rubutun bisa takardar stensil, a ɗaura ta a injin roniyo, a riƙa juyawa da hannu. Tawada takan yi yawa a wani gefe, ta dushe a wani. Tafiretar kuma ta Faransanci ce, ba ta san ɓ, ɗ da ƙ ba, sai mai bugu ya yi dabarar ƙara lanƙwasa da hannu ko ya sa wata alama.

Ƙa'idar rubutun ma ta daban ce. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ba da shawarar ninka dogon wasali, Nijar ta bi, Najeriya kuwa ta tsaya kan salon Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Shi ya sa sunan jaridar Madawa ke ɗauke da "aa" da "ii". Sai a taron Yamai na 1980 aka daidaita rubutun ƙasashen biyu, sannan a 1999 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ake bi yau, wadda ta riƙe ƴ a inda Kano ke rubuta 'y. Ke nan takardun Hausa na yankin nan sun kasu salo-salo gwargwadon shekarar da aka buga su.

Takardu sun ci gaba da taruwa. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza. A 1984 aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Rahotanni, rajistocin ma'aikata da littattafan koyar da manya na wannan zamani su ne shaidar yadda mutanen wannan yanki na Adar, musamman mata, suka tare zaizaya da duwatsu. Abokan gabar irin wannan takarda sanannu ne: gara, ɗigar rufi da ƙurar hunturu.

A wata duniyar kuma an daɗe da koya wa kwamfuta karanta bugaggen rubutu. Manhajar Tesseract, wadda kamfanin HP ya fara ƙerawa a 1985, ta zama kyauta ga kowa a 2005, kuma tana karanta harsuna fiye da 100. Amma idan aka ba ta shafin Hausa da tsarin Faransanci, sai ta ga ɗaki ta rubuta daki, ta mai da ƙafa kafa. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Abin da ya yi ƙaranci shi ne misalan da za a horar da na'urar a kansu.

A nan ne ɗalibi ke da abin yi, kuma bai fi ƙarfinsa ba. Zai ɗauki hoton shafi da waya, ya wanke dabbaren tawada da manhaja, ya yanka shi layi-layi, ya kwafe kowane layi da hannunsa daidai yadda yake, har da tsohon salon ninka wasali. Da waɗannan layuka ake horar da na'urar har ta saba. Kwafin nan shi ne wahalar, kuma wanda ya tashi da Hausar Adar a bakinsa ne zai gane kalmar da tawada ta cinye rabinta.

Jami'ar Tawa na ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Ya dace ɗalibanta masu karatun kwamfuta su nemi izinin shiga ɗakunan ajiya na Madawa, Buza da Keita, su fara ɗaukar hoton abin da ya rage kafin damina mai zuwa.