Harshen Bezen da Darasin Kyangawa

A ƙasar Kamaru, cikin duwatsun Furu-Awa kusa da iyakar Jihar Taraba, akwai wani ƙauye da ake kira Kpek. Mutanensa suna da harshe nasu na kansu, sunansa Bezen, dangin harshen Jukun ne. Binciken da aka yi a shekara ta 2001 ya sami masu magana da shi wajen 450 kaɗai. Wata malama daga Jami'ar Hamburg ta Jamus, Viktoria Kempf, ta zauna a cikinsu, ta rubuta littafi a kan nahawunsa.

Wanda ya ji wannan adadi zai ce harshen ya kusa kabari. Lalle yana cikin hatsari, gama ƙauye ɗaya ne ke riƙe da shi, kuma Jukun ne harshen hulɗa da maƙwabta. Rikicin da ya tashi a yankin Turancin Kamaru tun 2016 ya kori mutane da yawa zuwa Nijeriya, ƙaramin harshe kuwa ba ya jure warwatsuwa. Duk da haka Bezen ya daɗe da rai domin a gida ake magana da shi.

Bari mu dawo ƙasarmu ta Bargu mu gwada. A zamanin dā fatake suna tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, suna yada zango a Nikki, da Paraku, da Zugu wato Djougou. Ta wannan hanya Dendi ya zama harshen kasuwa a Paraku da Zugu, ko da yake ƙasar ta Bargawa ce da mutanen Yom. Mu nan Turu muna ganin haka har yau: Barganci a gida, Dendi a kasuwa, Faransanci a makaranta.

A arewacinmu, a bakin Kwara wajen Illo, akwai Kyangawa. Sun ninka mutanen Kpek sau ɗaruruwa. Amma yawancinsu sun koma Hausa, waɗansu Dendi ko Zabarmanci, har Kyanganci ya rage a 'yan ƙauyuka kaɗan. Ba yaƙi ya cinye shi ba. Kasuwa ce, da auratayya, da kunyar magana irin ta ƙauye.

Ashe yawan jama'a ba shi ke tsare harshe ba, bakin uwa ne. Mu masu jin Hausa sai mu lura, gama harshen da ya haɗa mu shi ne ya haɗiye na waɗansu. Da yawa cikinmu ba da Hausa kakanninmu suka yi mana tatsuniya ba. Kai mai karatu, in akwai sauran harshen kakanka a bakinka, yi wa ɗanka magana da shi yau da dare. Hausa ba za ta ɓace masa ba, kasuwa za ta koya masa.