Fitilar 'Obasanjo ya kasa': yadda ake haɗa ta a birnin Kano

A tsakiyar shekarun 2000 ne wata fitila ta haɗin gida ta bazu a arewacin Najeriya, wadda jama'a suka laƙaba wa suna "Obasanjo ya kasa".

Sunan dai shaguɓe ne ga gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo, wadda ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta kuma yi alƙawarin gyara wutar lantarki. A shekarar 2005 an maye gurbin hukumar NEPA da kamfanin PHCN, amma duhun bai kau ba.

A unguwannin cikin birnin Kano irin su Mandawari, inda ake harkokin ciniki har tsakar dare, masu shayi da masu tireda da masu sayar da ƙosai sun rungumi fitilar, saboda ba ta hayaƙi irin na aci-bal-bal, ba ta kuma buƙatar kananzir kamar fitilar ƙwai.

Kayan haɗi

Abubuwan da ake buƙata ba su da yawa: tsohon faifan CD, da ƙananan ƙwayayen LED farare guda huɗu ko biyar, da manyan batura uku, da 'yar waya, da makunni, sai ɗan akwatin katako. Akasarin kayan wutar daga China suke zuwa, kuma ana samunsu a kasuwar Sabon Gari.

Ana huda faifan a jera ƙwayayen a jikinsa, ta yadda gefensa mai ƙyalli zai riƙa watsa hasken.

Kowane ƙwai na da ƙafafu biyu. Doguwar ita ake haɗawa da kan batir, wato wajen da ke da alamar tarawa, gajeruwar kuma da gindinsa. In aka juya su, ƙwan ba zai kama ba. Masu ƙwarewa kan liƙe mahaɗar da dalma, yara 'yan koyo kuwa murɗe wayar kawai suke yi.

Dalilin batura uku kuwa shi ne, farin ƙwan LED na buƙatar kimanin bolt 3, alhali kowane batir bolt 1.5 yake bayarwa. Biyu ba sa daɗewa hasken zai dusashe, ukun kuma sun kai bolt 4.5, wanda ya zarce abin da ƙwan ke so.

A ƙa'ida, wani ɗan ƙaramin abu da ake kira razista ne ke rage ƙarfin wutar kafin ta isa ga ƙwayayen. To sai dai da yawa daga cikin masu haɗin ba sa saka shi. Abin da ke ceton fitilar shi ne batura masu arha ba su iya tura wuta da ƙarfi sosai. Da zarar an saka mata masu ƙarfi sai ƙwayayen su yi zafi su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne babban aibinta, kuma razistan da zai magance shi bai taka kara ya karya ba a wajen kuɗi.

Asalin ƙwan

Tun a 1962 Nick Holonyak ya ƙera jan ƙwan LED a Amurka, amma fari bai samu ba sai bayan da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya fitar da shuɗi mai haske a 1993. Shuɗin ne ake shafa wa wani sinadari ya koma fari. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano sun sami lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda wannan aiki.

Bayan an miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO a 2013, matsalar ɗauke wuta ta ci gaba, amma kasuwar fitilar ta ja baya. Fitilun caji na China, da masu aiki da hasken rana, da tocilan na wayar salula ne suka karɓe gurbinta.