Su Wa Ne Kurfayawa? Bin Sawun Mutanen Kwarin Filinge

A taswira abin da sauƙi. Ka bar Yamai ka nufi arewa maso gabas, ka wuce Baleyara da Bonkuku, bayan kimanin kilomita 180 ka iso Filinge. Amma kunne ya fi taswira lura: a kan wannan hanya Zabarmanci ke tashe, nan da can kuma Buzanci, sai kwatsam ka tarar da kasuwar da ake ciniki da Hausa tsantsa. Yaya aka yi Hausawa suka zauna nan, can ƙarshen yammacin ƙasar Hausa, Zabarmawa a kudu da yamma, Abzinawa a arewa? Su suna kiran kansu Kurfayawa, ƙasarsu Kurfai. Zabarmawa kuwa Sudiye suke ce musu, kuma akwai gidaje da yawa daga cikinsu da Zabarmanci ya zama harshen tsakar gida.

Bakatsine in ya ji sunan, Kurfi zai fara faɗo masa a rai. Kamannin suna dai ba hujja ba ne, in ba haka ba da duk Kanawa sun zama 'yan Kan'ana. Abin da ya fi yawa a bakin tsofaffin Kurfai shi ne daga gabas suka zo, daga Adar, ƙasar duwatsun Tawa. Wannan magana tana da ƙafar tsayawa, domin tarihin Adar a rubuce yake gwargwado. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta fita daga hannun Kabi ta koma ƙarƙashin Abzin. Wajen 1721, bayan ya rasa gadon Agadas, Agabba ya komo Adar ya kafa sarautarsa. Daga nan manoman Azna, masu tsafin ƙasa da ba su saba da sarki ɗaya a kansu ba, suka shiga biyan ta-kai ga sababbin iyayengiji. A farkon ƙarni na 19 kuma yaƙe-yaƙen jagororin Buzaye, Jilani da Ibra, suka sake dagula ƙasar. Djibo Hamani ya bi wannan zango daki-daki a littafinsa na tarihin Adar da ya fito a 1975. Manomin da ya gaji yana da mafita guda: ya ɗaure iri, ya kora awaki, ya bi inda babu mai karɓa. Yamma ita ce a buɗe.

Me ya sa suka tsaya a nan, ba su zarce ba? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Filinge na zaune a Dallol Boso, mataccen kogi da ya taso daga Azawak ya gangara har Bumba, inda yake haɗuwa da Kwara. Ruwa ya daina gudu a bisansa tun dubban shekaru, amma bai yi nisa ba a ƙasa. A kan tudu sai mai haƙa ya sha wuya kafin ya ga danshi, a cikin kwarin kuwa gaba kaɗan ta isa. Gero na yi, gawo na ba dabbobi abinci a rani, tsaunukan gefen kwari kuma mafaka ne ranar hari. Garuruwa irin su Cikal, Tunfalis, Luma da Tukunus duk a wannan layin suke.

Sai dai wuri mai ruwa kusa ba ya zama babu mai shi, kuma nan ne labarin "mun zo mun sari daji" yake fara tangaɗi. Labaran Zabarmawa da kansu sun yarda cewa lokacin da zuriyar kakansu Mali Bero ta bazu daga Sargan, ta tarar da mutane: Kalle, Gole, Gube da wasunsu. Gube ɗin nan su ne abin lura. A yankin Loga har yau ana kiran ƙasar Gubai, da Zabarmanci suke magana. A gabas kuwa, cikin Dallol Mawri, Gubawa ne masu ƙasa, da Hausa suke magana, su ke da Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Sarauniyar da ta tari rundunar Faransa ta Vule da Shanuwan a watan Afirilun 1899 Bagubiya ce. Arawa da suka zo daga baya sun karɓi sarauta, amma sun bar wa Gubawa tsafin ƙasa, kamar yadda Marc-Henri Piault ya nuna a bincikensa na 1970. Jama'a ɗaya ke nan, harshe biyu, a wurare biyu maƙwabta. Kurfai tana arewa da Loga, tana yamma da ƙasar Arawa. Da wuya a ce ita kaɗai ce fili fetal.

A ganina, nan ne mabuɗin. Kurfayawa ba ayari ɗaya ba ne da ya taso rana ɗaya bayan jagora ɗaya. Gida-gida suka riƙa zuwa daga Adar cikin tsawon ƙarni ɗaya ko fiye, suka tarar da tsofaffin mazauna kwari, aka yi auratayya, aka raba rijiya. Wanda ya zauna kusa da Zabarmawan Tondikanja harshensa ya karkata Zabarmanci, aka ce masa Sudiye; wanda ya tsaya tsakiyar kwarin ya riƙe Hausarsa. Abin da ya ɗinke su shi ne tsoro ɗaya. A ƙarni na 19 Buzaye na zaune a Imanan da Tagazar a kudu, mahara kuma na sauka daga Azawak. Zamanin mayaƙa ne, irin su Isa Korombe na Koigolo wanda ya faɗi a Bumba a 1896. Ƙauyen da ba ya son a kwashe shi dole ya nemi ɗan'uwa, ko da na aro ne.

Masu nazarin tsofaffin al'ummun duniya sun san irin wannan matsala. Mutanen Tiras, da suka zauna inda Bulgeriya take yau, sun rabu ƙabilu da dama, ba su bar tarihin kansu a rubuce ba. Kusan duk abin da aka rubuta game da su a zamaninsu daga alƙalamin baƙi irin su Girkawa ya fito. Hirodotus, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce in ban da Indiyawa babu wanda ya kai su yawa, kuma da za su bi shugaba ɗaya da babu mai iya musu. Baƙo ne ya dubi mutanen da ba su da sarki guda ya ɗauki hakan naƙasa. Kurfai ma baƙo ya fara rubuta ta, kuma a makare. Bature matafiyi Barth ya ƙetare Dallol Boso a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sayi, amma ta kudu ya bi, bai hau Kurfai ba. Takardu na farko masu kauri na kwamandojin Faransa ne, bayan sun kafa bariki a Filinge a farkon shekarun 1900.

Su kuwa kwamandoji ba tarihi suke nema ba, wanda zai tara musu lanho da 'yan aikin dole suke nema. Suka same shi: Gado Namalaya, mayaƙi sananne da ya ba su hannu, suka ɗora shi sarkin kanto. Ƙasar da a da dattawan gidaje da masu tsafi ke sasanta al'amuranta ta wayi gari da rawani ɗaya. Wanda duk ya karanta rahoton Nasara kan asalin Kurfayawa ya kamata ya tambaya a zauren wa aka zauna, wa ya yi tafinta, wane gida ne labarin ya ɗaga.

Shaida mafi ƙarfi cewa tsohon tsarin bai mutu ba ta fito a 1925, a Cikal. Wata mata mai suna Shibo ta hau bori da wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon soja da gwamna, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, Hausawa na ce musu Babule. Matasa suka bi ta, suka ƙi jin maganar sarkin kanto. Kwamandan Yamai, Kurosikiya, ya sa aka kamo su aka tsare, iskokin kuwa suka ƙara ɗaya a cikinsu mai suna Kwamandan Mugu. 'Yan ci-rani suka kai al'adar har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim a kanta da ya fito a 1955. Duniya ta kalli fim ɗin a matsayin ba'a ga Turawa. Finn Fuglestad, a maƙalarsa ta 1975, ya karanta lamarin daga gida: tawayen Azna ne ga sarautar da aka ɗora musu. Na fi gamsuwa da karatunsa, don ya dace da mutanen da kakanninsu suka bar Adar saboda irin wannan.

Sauran aikin na masu haƙa ne. A Bura, yamma da Kwara, Boubé Gado ya tona a 1983 ya fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu na wata al'umma da babu maroƙin da ya taɓa ambata. Kufai na Dallol Boso na jiran irin wannan, tare da kaset-kaset na tsofaffi da ke ajiye a cibiyoyin IRSH da CELHTO a Yamai. Amma arewacin Tilaberi yau ba wurin da ɗalibi zai kafa tanti ya kwana ba ne, mutanen ƙauyukan Abala da Banibangu da yawa ma sun baro gidajensu suna neman mafaka a garuruwa.